Haruffa 32: yadda lissafi ya gano shekarun ƙwayar shan innan da ta ɓulla a Shari-Bagirmi

A ranar 9 ga Satumba 2019 alamun shanyewar gaɓa suka bayyana a jikin wani yaro ɗan wata 13 a lardin Shari-Bagirmi, lardin da ya kewaye birnin Injamena ya kuma yi iyaka da Kamaru ta gefen kogin Logon. A watan Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a nan aka fi sani da OMS, ta sanar da sakamakon gwaji: shan inna ce nau'i na 2, irin wadda ta rikiɗe daga ƙwayar rigakafi, tana da bambancin haruffa 32 da ƙwayar Sabin ta asali, wato raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon rigakafi, kuma 'yar dangin wata ƙwaya ce da aka kama a Borno, daga zuriyar da aka fara gani a Jigawa.

Wanda ya san tarihin cutar dole ya tsaya a nan. Rabon Chadi da shan innan daji, wato ta asali wadda ba daga rigakafi ta fito ba, tun Yunin 2012. Nau'i na 2 na daji kuwa rabon duniya da shi tun 1999 a Indiya, har aka ayyana kawar da shi a Satumbar 2015. Bayan haka, a Afrilun 2016, ƙasashe 155 suka cire nau'i na 2 daga ɗigon da ake ɗiga wa yara a baki, aka bar na 1 da na 3. Shi kuwa wannan yaro wajajen Agustan 2018 aka haife shi, fiye da shekara biyu bayan an daina sa wannan nau'i a ɗigon yau da kullum. To daga ina ƙwayar ta fito, kuma tun yaushe take yawo? Babu shaidar da ya ga tafiyarta. Abin da ke hannu kawai lambar nan ce, 32, kuma daga cikinta aka tatso amsar.

Daga bahaya zuwa haruffa

Ƙa'idar aikin ita ce duk yaron da bai kai shekara 15 ba da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, a ɗauki bahayarsa sau biyu, da tazarar aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da farawar ciwon, a ajiye cikin sanyi har ta isa ɗakin gwaji. Samfurin Chadi cibiyar Pasteur ta Yawunde ake kai wa. Idan an samu ƙwayar, sai a tura ta manyan ɗakunan gwaji irin na Johannesburg ko Atlanta a karanta haruffanta.

Gadon ƙwayar shan inna zare guda ne na RNA mai haruffa kusan 7,500, dukkansu daga huɗun nan: A, C, G da U. Ba a cika karanta shi gaba ɗaya a aikin yau da kullum ba. Yanki guda ake ɗauka, mai suna VP1, wanda ke gina ɓangaren ɓawon ƙwayar. A nau'i na 2 haruffansa 903 ne. Sai a jera shi kusa da na Sabin, wanda aka san kowane harafinsa, a ƙirga wuraren da suka saɓa. Dokar da ake bi ita ce a nau'i na 2, idan saɓanin ya kai 6, an fita daga sahun ƙwayar rigakafi an shiga na rikiɗaɗɗiya. A nau'i na 1 da na 3 sai ya kai 10. Ta Shari-Bagirmi ta ninka wannan iyaka fiye da sau biyar.

Dalilin saɓanin shi ne ƙwayar ba ta da mai duba mata kwafi. Duk lokacin da ta hayayyafa a hanjin yaro sai ta kwafi zarenta, kuma na'urar kwafin tata ba ta komawa baya ta gyara kuskure. Abin ya yi kama da tsohuwar waƙar ajami da ɗalibai ke kwafa da hannu, wannan daga na wancan: wanda ya tsallake ɗigo, duk wanda ya kwafa daga takardarsa zai gaji tsallaken ya kuma ƙara nasa. Idan aka tara takardu goma, daga kurakuran da suka yi tarayya a kai za a gane wa ya kwafa daga wa, daga yawan kurakuran kuma a kintaci hannu nawa rubutun ya ratsa. Galibin sauye-sauyen da suka ɗore a VP1 suna faɗawa ne a harafi na uku na kowane rukunin haruffa uku, inda sauyin ba ya taɓa furotin ɗin da ake ginawa. Ba su amfanar ƙwayar ba su cutar da ita, shi ya sa suke taruwa a kai a kai ba tare da wani abu ya tsince su ba. Wannan rashin amfani nasu shi ne amfaninsu gare mu.

Agogon da saurinsa

Tunanin cewa sauye-sauyen gado na iya zama agogo ya samo asali ne daga aikin Emile Zuckerkandl da Linus Pauling a farkon shekarun 1960. Amma agogo ba ya faɗin lokaci sai an san saurinsa. A 2008 Jaume Jorba da abokan aikinsa na cibiyar CDC ta Amurka suka auna saurin na shan inna ta hanyar bin zuriya guda ta nau'i na 1 da ta yi shekara goma tana yawo a arewacin Kudancin Amurka, inda aka san ranar da aka kama kowace ƙwaya. Abin da suka samu ya ɗan haura kashi 1 cikin 100 a shekara. A cikin haruffa 903, wannan na nufin wajen sauyi 9 zuwa 10 duk shekara, wato kusan ɗaya a kowane mako biyar ko shida. Cikin ƙwayoyin cuta da aka auna, shan inna na cikin masu saurin gaske, kuma saurin nan ne ya sa ake iya ƙirga watanni da ita maimakon ƙarnoni.

Lissafin farko ɗan firamare ma zai yi shi. A raba 32 da 10, a samu shekara 3 da 'yan watanni. A ja baya daga Satumbar 2019, a sauka tsakiyar 2016. Ke nan ƙwayar da ta shanye yaron ta girme shi da kusan shekara biyu. Lokacin da kakarta ta fita daga kwalbar rigakafi, ko cikinsa ba a ɗauka ba.

Sai dai masu wannan aiki ba sa tsayawa a nan, kuma inda suka ci gaba ne abin ya fi daɗin bi.

Gyara na farko: ƙirgar saɓani kan rage gaskiya. Wuri guda na iya sauyawa sau biyu, A ya koma G sannan ya koma C, mai ƙirga ya ga ɗaya. Ko ya koma G ya dawo A, mai ƙirga bai ga komai ba. A 1969 Thomas Jukes da Charles Cantor suka fitar da dabarar gyara wannan, bisa zaton cewa kowane harafi na iya komawa kowanne daga sauran ukun daidai wa daida. Idan aka sa 32 cikin 903 a dabararsu, amsar ba ta kai 33 cikakke ba. Gyaran ƙarami ne, don ƙwayar ba ta yi nisa ba tukuna; sai saɓani ya kai kashi 15 ko 20 cikin 100 yake zama babban abu. A 1980 Motoo Kimura ya ƙara cewa sauyi tsakanin A da G, ko tsakanin C da U, ya fi sauran yawa nesa ba kusa ba, kuma a shan inna haka abin yake. Wannan ma a shekara uku bai girgiza amsar sosai ba.

Gyara na biyu shi ne mai nauyi. Agogon nan ba ya bugawa daidai kamar na bango. Goma a shekara matsakaici ne: wata shekarar 7, wata 13. Abubuwan da ke faruwa jefi-jefi, kowanne ba ruwansa da ɗan'uwansa, amma matsakaicinsu a tsaye, akwai ƙa'idar da ke bayyana su, wadda Bafaranshen nan Siméon Denis Poisson ya rubuta a 1837. Ƙa'idar ta ce kaucewar da ake tsammani daga adadi ita ce lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da adadin. Ga 32, wannan lambar ta kai 5.7. Idan ana son tazarar da za a amince da ita kashi 95 cikin 100, sai a samu daga 22 zuwa 45. A mayar da shi shekaru: daga shekara 2 da 'yan watanni zuwa shekara 4 da rabi. A mayar da shi kalanda: ƙwayar ta fita daga kwalba wani lokaci tsakanin farkon 2015 da tsakiyar 2017.

Ga inda gizo ke saƙar. Afrilun 2016 na tsakiyar wannan tazara, kuma duk tambayar da ta dami masu yaƙi da cutar a kan wannan watan take. Idan kafin Afrilu ne, to ragowar tsohon ɗigo mai nau'i uku ce da ta ɓuya shekaru ba a gan ta ba, laifin kuma na sa ido ne. Idan bayan Afrilu ne, to daga ɗigon gaggawa mai nau'i na 2 zalla ta fito, wanda aka ajiye don kashe ɓarkewa kuma ba a fitar da shi sai da izinin shugaban OMS. Ma'ana, ruwan da aka kawo kashe gobara shi ya yada wata. Ƙwayar Shari-Bagirmi ita kaɗai ba za ta raba wannan gardama ba, kuma duk wanda ya ɗauki 32 ya raba da 10 ya ba ka wata da rana, ya faɗi abin da lissafin bai faɗa ba.

Dangi ne suka raba gardamar

Abu biyu suka matse tazarar. Na farko, ƙwayar Sabin ba ta fara tafiya da saurin da take ƙarewa da shi. An raunana ta ne da 'yan sauye-sauye kaɗan. A nau'i na 2 manyansu biyu ne, ɗaya a harafi na 481 na farkon zaren, ɗaya a gurbi na 143 na furotin ɗin VP1. Da zarar ta shiga hanji, duk kwafin da ya warware waɗannan ya fi sauran hayayyafa, don haka cikin kwanaki ko makonni ya mamaye. Waɗannan sauye-sauyen farko ba jiran agogo suke ba. Tsarin lissafi mai kyau yana ware su, wanda ke sa ranar fitowa ta matso kusa kaɗan.

Na biyu, kuma mafi ƙarfi, ƙwayar ba marainiya ba ce. Tun farkon 2018 ake kama 'yan'uwanta a Jigawa, a ruwan kwata da jikin yara, daga baya a wasu jihohin Najeriya, da Nijar, da Arewa Mai Nisa ta Kamaru, har Ghana da Benin da Togo. Waɗanda aka kama da wuri sun fi kusa da Sabin, kuma ƙaramin adadi ƙaramar tazara yake bayarwa. A ɗauki misali kawai: ƙwayar da aka kama a Janairun 2018 da sauyi 12, tazararta daga wata 7 ne zuwa shekara 2, mafi yawanta kuma bayan Afrilun 2016 ya faɗa. Idan aka haɗa ƙwayoyi da dama, kowace da ranar kamunta, aka gina musu bishiyar nasaba bisa sauye-sauyen da suka gada tare, sai kowane reshe ya zama shaida a kan ɗan'uwansa. Manhajoji irin BEAST, wadda Alexei Drummond da Andrew Rambaut suka fitar, haka suke aiki: su gwada miliyoyin bishiyoyi da saurin agogo iri-iri, su riƙe waɗanda suka dace da haruffan da ranakun, su fitar da amsa a matsayin tazara mai nauyin yiwuwa.

Ga zuriyar Jigawa, nauyin ya karkata ga ɗigon gaggawa. A 2016 an samu rikiɗaɗɗiyar nau'i na 2 a ruwan kwatar Maiduguri, aka kuma samu wata a Sakkwato, aka mayar da martani da zagayen ɗigon nau'i na 2 zalla a 2016 da 2017. A 2020 Grace Macklin da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Science nazarin ɗaruruwan irin waɗannan ƙwayoyi da aka kama a ƙasashe 26 tsakanin 2016 da 2019, da wannan ƙa'ida ta Poisson, suka gano kusan biyu bisa uku an shuka su ne bayan Afrilun 2016. Sakamako ne mai ɗaci ga shirin kawar da shan inna na duniya da ya tsara janye nau'i na 2 daga ɗigon, kuma a ganina abin yabo ne cewa an buga shi a fili, da sa hannun ma'aikatan shirin kansu.

A nan ya kamata a yi taka-tsantsan, don mu Hausawan wannan yanki mun san inda irin wannan magana ke kaiwa. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafi har zuwa Yulin 2004, kuma da irin wannan ƙirgar haruffa aka bi sawun ƙwayar daji daga arewacin Najeriya zuwa Chadi da Kamaru da Sudan, har Yaman da Indonesiya a 2005. Dattijo a majalisa zai iya cewa, to ai ga shi da bakinku kun ce daga rigakafin take. Amsar tana cikin lambar. Yaron da aka ɗiga wa Sabin yana fitar da ƙwayar a bahayarsa na 'yan makonni, sannan jikinsa ya kashe ta. Kafin ta tara sauyi 32 sai ta yi ta tsallakawa daga hanji zuwa hanji na tsawon shekara uku babu yankewa, kuma kowane tsallake na bukatar yaron da ba shi da kariya. Inda aka ɗiga wa kusan kowa, sarƙar kan tsinke tun a hannu na biyu ko na uku. Ke nan 32 ma'aunin yawan yaran da aka tsallake ne. Su wa suka fi yawa a cikinsu? Duk waɗanda aka haifa bayan Afrilun 2016, da ba su taɓa samun nau'i na 2 a baki ba. An so allurar IPV, rigakafin da ake yi da matacciyar ƙwaya, ta toshe wannan giɓi, amma an yi ƙarancinta a duniya a daidai lokacin, inda aka same ta ma ba ta isa ga kowa ba, kuma ita tana hana shanyewa ne amma ba ta cika hana ƙwayar zama a hanji ta wuce gaba ba.

Abin da bishiyar ba ta nuna

Rahoton ya ce dangin ƙwayar na kusa a Borno yake. Mai karatu a Kusiri, garin Kamaru da ke tsallaken kogi, ko Injamena nan take zai zana hanyar a ransa: Maiduguri, Gamboru, Fotokol, Kusiri, a haye gadar Ngeli. Hanyar fatake da 'yan gudun hijira da masu ziyarar dangi ce, kuma zato ne mai kyau. Amma bishiyar nasaba ba ta ce haka ba. Abin da ta ce shi ne, cikin ƙwayoyin da aka kama aka karanta, ta Borno ce mafi kusa. Waɗanda ba a kama ba sun fi yawa ninkin ba ninkin. A nau'i na 1, kusan yaro ɗaya cikin 200 da suka kamu ne ke shanyewa; a nau'i na 2 an ƙiyasta ɗaya cikin kusan 2,000. Saura suna wasa lafiya lau suna yaɗawa. Ta iya bin tsibiran Tafkin Chadi, ta iya bin makiyaya. Haka ma sunan zuriyar Jigawa, NIE-JIS-1, wurin da aka fara kama ta yake nunawa, wanda sau da yawa shi ne wurin da aka fi sa ido.

Wannan makanta ma lissafi na auna ta. Idan sabuwar ƙwaya ta saɓa da mafi kusancin danginta da fiye da kashi 1.5 cikin 100, wajen haruffa 14, ana kiran ta marainiya, alamar cewa ta daɗe tana yawo ba a gani ba. Yankin nan ya sha ganin irinsu. Shan innan dajin da ta ɓulla a yammacin Kamaru a Oktoban 2013 danginta na kusa a Chadi aka gan shi tun 2011, shekarar da Chadi ta ƙirga yara 132 da shan innan daji ta shanye. Ta Gwoza da Jere a Agustan 2016 ita ma zuriyarta rabon a gan ta tun 2011 a Borno, shekara biyar tana ɓoye a wuraren da rikicin Boko Haram ya hana ma'aikata shiga.

Abin da ya biyo baya

Yaron Shari-Bagirmi shi ne na farko da aka gani a wannan ɓarkewa, ba na ƙarshe ba. Cikin 'yan watanni haruffa suka nuna cewa ba zuriyar Jigawa kaɗai ke Chadi ba. Akwai wata da ba ta gaji sauye-sauyenta ba, wadda aka sa wa suna CHA-NDJ-1, da sunan Injamena. Ba don karatun haruffa ba da an ɗauka ɓarkewa guda ce. Sai korona ta zo, aka dakatar da zagayen gida-gida daga Maris 2020 na tsawon watanni. A wannan shekarar Chadi ta ƙirga yara wajen 100 da rikiɗaɗɗiyar nau'i na 2 ta shanye, kuma zuriyar Injamena ta tsallaka Sudan, inda aka ayyana ɓarkewa a Agustan 2020, watan da aka ba Afirka takardar shaidar kawar da shan innan daji.

Tunda lissafi ya nuna cewa kayan kashe wutar ne ke barin garwashi, sai aka sauya kayan. A Nuwamban 2020 OMS ta ba sabon ɗigo mai suna nOPV2 izinin gaggawa, aka fara amfani da shi a Najeriya a Maris 2021. An sake ƙera yankin da harafi na 481 yake ta yadda sauyin harafi ɗaya ba zai warware raunin ba, an kuma gyara na'urar kwafin ƙwayar don ta rage kuskure da musayar zare da wasu ƙwayoyin hanji. Rikiɗarsa ta yi ƙasa da ta tsohon sosai, amma ba ta zama babu ba: a Maris 2023 aka sanar da rikiɗaɗɗun da suka fito daga gare shi a Burundi da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, kuma su ma da jera VP1 kusa da na asali aka ƙirga aka gane tun yaushe suke yawo.